Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazarin Tsuntsaye Biyu 'Yan Halwa

Gabatarwa

Ɗaya daga cikin tambayoyin da ɗalibin ilmin halittu kan yi karo da su tun a ajin farko na babbar sakandare ita ce: mene ne jinsi? Amsar da ke cikin littafi gajera ce, ɗalibi kan haddace ta ya zuba a takardar jarrabawa ya wuce. Amma masanin da ya shiga daji ya tarar da tsuntsaye biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, hadda ba ta fisshe shi. Tilas ne ya yanke hukunci, ko jinsi ɗaya ne ko biyu, kuma ya kawo hujjar da sauran masana za su iya aunawa.

Wannan maƙala za ta duba yadda aka yanke irin wannan hukunci a kan wasu ƙananan tsuntsaye biyu na dazuzzukan nahiyar Amurka, waɗanda suka daɗe suna amsa suna ɗaya a littattafai kafin a raba su. Domin sauƙin fahimta, za a yi amfani da kalmomi huɗu wajen jera halittu daga babban rukuni zuwa ƙarami: iyali, sai zuriya, sai jinsi, sai reshe. Jinsi a nan ba namiji da tamata ake nufi ba, ana nufin iri ne, kamar yadda doki yake iri guda, jaki kuma wani iri dabam.

Kolibiri da 'yan halwa

Kolibiri shi ne sunan da masu magana da Faransanci da Sifaniyanci ke kiran wani iyalin tsuntsaye da ba a samunsa ko'ina sai a nahiyar Amurka, tun daga Alaska a ƙuryar arewa har zuwa ƙarshen kudancin Ajantina da Cile. Turawan Ingila kuwa sun raɗa masa suna daga zizar da fukafukansa ke yi, irin ta ƙudan zuma. A kimiyyance sunan iyalin Trochilidae, kuma yana ƙunshe da jinsi sama da 360. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, wanda ke tsibirin Kuba, nauyinsa kimanin giram 2 ne kacal. Kolibiri kan tsaya cik a cikin iska yana kaɗa fukafukai yayin da yake zura baki cikin fure yana shan ruwan zaƙinsa, kuma yana iya tashi da baya.

Mai karatu na iya tuna sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai siririn lanƙwasasshen baki da ake gani a kan furanni a ƙasar Hausa, ya ce ai shi ne. Ba shi ba ne. Sha-kauci daga rukunin tsuntsaye mawaƙa ya fito, su kanari da gwara ne danginsa. Kolibiri kuwa makusancinsa ita ce tsattsewa, irin wadda ke liƙa sheƙarta a ganyen giginya. Abinci iri ɗaya ne ya sa jikin sha-kauci da na kolibiri suka ɗauki siffa iri ɗaya a nahiyoyi biyu. Wannan shi ne gargaɗi na farko: kamanni kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka.

A cikin iyalin kolibiri akwai wani ɓangare mai jinsi kusan 40 da Turawa ke kira da sunan mutumin da ya ƙaurace wa jama'a ya keɓe kansa don ibada, wato dai ɗan halwa. Sauran kolibiri an san su da gashi mai ƙyalli kamar an yi musu ado da zinariya, amma 'yan halwa tufafinsu ba ado, daga ruwan ƙasa sai toka-toka sai kore mai duhu. Suna zama a cikin inuwar ƙasan kurmi, inda hasken rana ba ya isa sosai, kuma kowa shi kaɗai yake fita kiwo. Zuriya mafi girma a cikinsu ita ce Phaethornis, mai jinsi sama da 25. Wani masani Baturen Ingila, William Swainson, shi ya ƙirƙiro sunan a 1827 daga kalmomin Girkanci masu ma'anar tsuntsun rana, ko da yake mai sunan a inuwa yake ƙare rayuwarsa.

Tsuntsayen biyu

Na farko shi ne Phaethornis superciliosus, wanda za a kira Doguwar-jela a wannan maƙala, bisa sunan da aka fi saninsa da shi. Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin ba halittu suna mai kalma biyu, shi ya sanya masa suna a 1766, bisa bayanin wani tsuntsu da aka samo daga Kayen, a Giyana ta Faransa. Kalmar superciliosus daga sunan gira take a Latin, saboda ratsin da ke saman idonsa.

Na biyu shi ne Phaethornis longirostris, wato Dogon-baki. Wani Bafaranshe mai tattara tsuntsaye, Adolphe Delattre, shi ya bayyana shi a 1843 daga Amurka ta Tsakiya. Daga baya masana suka ga bai bambanta da na Linnaeus ba, sai suka mai da shi reshe a ƙarƙashin superciliosus, kuma haka ya zauna a mafi yawan ƙarni na 20.

Kada sunayen su ruɗi ɗalibi. Dogon-baki yana da doguwar jela, Doguwar-jela kuma yana da dogon baki. Suna dai linzami ne da aka ɗaura don a san wanda ake magana a kai, ba ya cikin hujjojin rabuwa.

Inda suka yi tarayya

Ta fuskar siffa, kowannensu tsawonsa tsakanin santimita 13 ne zuwa 16, amma baki da jela sun cinye fiye da rabin wannan tsawo. Bakin kaɗai ya kai kimanin santimita 4, a lanƙwashe kamar lauje mara zurfi. Gashin tsakiyar jela guda biyu sun zarce sauran, kuma ƙarshensu fari ne. Nauyin tsuntsun gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 7 ba, wato kusan nauyin fallen takardar buga rubutu guda. Bayansu kore ne mai haɗe da ruwan ƙasa, cikinsu toka-toka. Akwai baƙin zane da ya ratsa ido kamar kwalli, da ratsi mai haske a samansa da wani a ƙasansa. Namiji da tamata launinsu ɗaya, sai dai bakin macen ya ɗan fi gajarta da lanƙwasa.

Ta fuskar kiwo ma hanyarsu ɗaya. Kolibiri da yawa kan kama gungun furanni su tsare, duk wanda ya matso su far masa. Ɗan halwa ba ya yin haka, domin furannin da yake sha a warwatse suke cikin kurmi, ɗaya nan ɗaya can, kuma kowane tsiro fure kaɗan yake buɗewa a rana. Saboda haka sai ya tsara wa kansa hanya, wadda takan kai kilomita guda, ya riƙa bin ta sau da yawa a yini, kamar yadda mai ɗana tarko ke zagaya tarkunansa. Furannin da ya fi so su ne masu dogon maƙogwaro lanƙwasasshe daidai da bakinsa, musamman na helikoniya, wani tsiro ɗan'uwan ayaba, da na kostus, ɗan'uwan citta. Garin fure kan manne a goshinsa ko a gindin bakinsa, ya kai shi ga wani tsiro mai nisa, ta haka barbara ke yiwuwa tsakanin tsirran da ba maƙwabta ba. Tun da ruwan fure sukari ne zalla, sai ya haɗa da gizo-gizo da ƙananan ƙwari da yake tsinta a ganye don samun abincin gina jiki.

Wani masani Ba'amurke, Frank Gill, ya gwada wannan zagaye a Kosta Rika, ya buga sakamakon a 1988. Ya ajiye wa tsuntsayen furannin roba da ake sake cika su da ruwan sukari bayan wani ƙayyadadden lokaci. Sai aka ga tsuntsun yana daidaita komowarsa da lokacin cikawa, idan kuma wani ya riga shi ya shanye, sai ya riƙa gaggauta dawowa. Ke nan yana riƙe da wuri da lokaci a ƙwaƙwalwarsa.

Ta fuskar neman aure, halwar takan ƙare. Mazan sukan taru a wani keɓaɓɓen wuri cikin sarƙaƙiya, kowa ya kama 'yan rassansa kusa da ƙasa ya tsare, ya zauna yana rera waƙa yana kaɗa jela sama da ƙasa. Waƙar sauti ɗaya ce tak mai kaifi, ana maimaita ta ba ƙaƙƙautawa na sa'o'i da dama a yini. Irin wannan taro shi za a kira dandali, kuma yakan tara maza goma, ko ashirin, ko fiye. Mace takan zo ta zaɓi wanda ya yi mata, bayan barbara ta kama gabanta. Namiji ba ruwansa da gini, ba ruwansa da kwanci, ba ruwansa da reno.

Sheƙar kuwa ita kaɗai abin kallo ce. Macen takan sami babban ganye mai rinjayowa ƙasa, na helikoniya ko ayaba ko wani ƙaramin kwakwa, ta ɗaure zaren tsirrai a ƙarƙashin tsininsa da saƙar gizo-gizo, har ya zama kamar mazurari mai jela. Ganyen ya zama rufin da ke kare ruwan sama. Takan saka farin ƙwai biyu, ta yi kwanci na kwana 17 ko kusa da haka tana fuskantar ganyen, kai a ɗage saboda tsawon baki. 'Ya'yan kan tashi bayan kimanin mako uku.

Inda suka bambanta

Bambanci mafi girma shi ne mazauni. Dogon-baki yana zaune daga kudancin Meksiko, ya bi ta Gwatamala da Honduras da Nikaraguwa da Kosta Rika da Panama, ya shiga arewaci da yammacin Kolombiya, sannan akwai reshensa a yammacin Ekwado da arewa maso yammacin Peru. Doguwar-jela kuwa yana kudancin Benezuwela, da Guyana, da Surinam, da Giyana ta Faransa, da arewacin Burazil a yankin Kogin Amazon. A tsakaninsu akwai duwatsun Andis, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 7,000 a gefen yammacin Amurka ta Kudu, da ƙololuwa masu wuce mita 5,000 da 6,000. Dukkan tsuntsayen biyu na kurmi mai ɗumi da laima ne a ƙasa-ƙasa da gindin duwatsu, ba sa ƙaura, kuma ba sa son fita fili. Ga irin wannan tsuntsu, sanyi da sararin saman Andis katanga ce.

Sauran bambance-bambancen ƙanana ne. A matsakaicin awo Dogon-baki ya ɗan fi girma da nauyi, amma babban Doguwar-jela zai iya kamo ƙaramin Dogon-baki. Ɓarin baki na ƙasa a wurin Doguwar-jela ja ne, a wurin Dogon-baki na Amurka ta Tsakiya kuwa ya fi karkata ga ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Akwai kuma ɗan saɓani a zurfin launin ciki da na gindin jela, irin wanda sai an jera tsuntsayen gefe da gefe ake lura da shi.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai ce wannan ai bai taka kara ya karya ba. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta bambanta da gajeriyar akuyar kurmi ta kudu fiye da haka nesa ba kusa ba, a girma da launi da tsawon ƙafa, amma duk akuya ce, kuma idan an haɗa su suna haihuwa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ake bukatar wani ma'auni da ya wuce na ido.

Ma'aunin jinsi

Ma'aunin da aka fi koyarwa a makarantu shi ne wanda Ernst Mayr, masanin tsuntsaye haifaffen Jamus, ya tsara a 1942. A taƙaice, jinsi rukuni ne na halittun da ke barbarar juna a yanayinsu na asali su haifi 'ya'ya masu haihuwa, kuma akwai shamaki tsakaninsu da sauran rukunoni. Misalin da kowa ya sani shi ne doki da jaki. Suna iya haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa sai a lamari mai wuyar aukuwa, saboda doki yana da sandunan gado 64 a ƙwayar halittarsa, jaki 62, alfadari kuma 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Shamakin ba lalle ne ya zama na jiki ba. A wurin tsuntsaye sau da yawa na ɗabi'a ne: mace ba ta amsa waƙa ko rawar namijin da ba nata ba.

Wannan ma'auni yana aiki sosai idan rukunonin biyu suna zaune wuri ɗaya, domin daji da kansa ya riga ya yi gwajin. In da suna barbara da tuni sun gauraye sun zama abu guda. Matsalar Dogon-baki da Doguwar-jela ita ce ba su taɓa haɗuwa ba, babu kurmin da za a je a ga ko macen wannan za ta kula namijin wancan. Kamawa a tsare su a keji ma ba ta warware komai, domin abin da dabba ke yi a tsare ba shi take yi a sake ba.

Shaida na uku

Mafita ta zo ne daga wani tsuntsu na uku, Phaethornis malaris, wanda za a kira Ƙaton-baki. An ba shi suna tun 1835. A Giyana ta Faransa da Surinam da yankin Amapa na Burazil, Ƙaton-baki da Doguwar-jela suna zaune cikin kurmi ɗaya. Zanen fuskarsu iri ɗaya ne, jelarsu iri ɗaya, sai dai Ƙaton-baki ya fi girma a fili kuma ya fi duhu. Duk da wannan kusanci ba su narke cikin juna ba, kowa yana haifar irinsa. Bisa ma'aunin Mayr, waɗannan jinsi biyu ne ba tantama.

Wannan ya koyar da masana abu muhimmi game da zuriyar Phaethornis: a cikinta, ɗan bambancin da ido ke rainawa yana iya zama alamar cikakken shamaki. Saboda haka ba daidai ba ne a tattara duk mai dogon baki da farar jela a zuba a kwando ɗaya don kawai sun yi kama. Sai tambaya ta koma kan sauran rassan, waɗanda suka haura goma, daga Meksiko har Bolibiya da gabashin Burazil: wanne ke bin wanne?

Wani masani Bajamushe, Christoph Hinkelmann, ya ɗauki wannan aiki. Ya bi busassun tsuntsayen da aka adana a gidajen ajiyar halittu, ya auna baki da fiffike da jela, ya kwatanta launin gashi, sannan ya duba inda aka samo kowanne a taswira. A 1996 ya buga sakamakonsa, inda ya kasa su gida uku. Mafi yawan rassan Amazon ya mai da su ƙarƙashin Ƙaton-baki. Doguwar-jela ya rage da rassa biyu a gabas. Duk waɗanda ke yamma da arewacin Andis kuwa ya ware su jinsi mai zaman kansa, ya maido musu da tsohon sunan da Delattre ya bayar, longirostris, domin ƙa'idar sanya suna ita ce wanda ya riga shi ke da haƙƙi.

Idan aka duba taswira bayan wannan rabo za a ga wani abu. Wanda ya tashi daga yammacin Ekwado, ƙasar Dogon-baki, ya haye Andis ya gangara gabas, ba Doguwar-jela zai fara tararwa ba, Ƙaton-baki zai tarar, sai ya yi tafiya mai nisa cikin Amazon kafin ya kai ga Doguwar-jela. Ashe tsuntsaye biyun da ake kira abu ɗaya ko maƙwabta ba su ne ba, akwai dutse a tsakaninsu, akwai kuma wani jinsi. A 2002 kwamitin ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka mai kula da jerin sunaye ya karɓi ware Dogon-baki. Rabon rassan Amazon tsakanin Ƙaton-baki da Doguwar-jela kuwa har yanzu masana na muhawara a kansa.

Gado da waƙa a matsayin hujja

Bayan awo da taswira, akwai hujjar sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta. Idan rukuni ya rabu biyu aka daina barbara a tsakani, kowane ɓangare yakan riƙa tara 'yan sauye-sauye nasa a wannan sinadari, kuma gwargwadon daɗewar rabuwa gwargwadon yawan saɓanin. Irin wannan bincike ya shafi Dogon-baki kansa. A gefen yammacin Meksiko, wajen Tekun Fasifik, akwai wasu 'yan halwa da ake lissafawa rassansa. Wani nazarin gado da aka buga a 2013 ya nuna sun yi nisa da sauran, aka haɗa da bambancin girma da na murya, sai a 2015 aka ware su da sunan Phaethornis mexicanus. Wanda aka cire daga jikin wani, shi ma an cire wani daga jikinsa.

Waƙa ma hujja ce, amma tana bukatar taka-tsantsan. Yawancin tsuntsaye da kukansu ake haifarsu, kamar kurciya da zakara. Rukuni uku ne aka tabbatar suna koyon murya ta hanyar saurare: tsuntsaye mawaƙa, da dangin aku, da kolibiri. A tashar bincike ta La Selba da ke arewa maso gabashin Kosta Rika, inda ruwan sama ke kai kimanin milimita 4,000 a shekara, an gano cewa kowane dandalin Dogon-baki yana da karinsa, har a cikin dandali ɗaya ma maƙwabta kan yi tarayya a waƙar da ta saɓa da ta ɗaya gefen. A 2013 Marcelo Araya-Salas da Timothy Wright suka nuna cewa namiji baligi yana iya barin tsohuwar waƙarsa ya koyi sabuwa. Saboda haka idan aka ji waƙar Kosta Rika ta saɓa da ta Guyana, wannan kaɗai bai isa hujja ba, kamar yadda saɓanin karin harshen Kano da na Sakkwato bai mai da masu shi al'umma biyu ba. Sai an tara muryoyi daga dandali masu yawa an ga bambancin da ya wuce na kari. Hukunci mai ƙarfi shi ne wanda awo da taswira da gado da murya suka haɗu a kansa.

Abin da raba suna ke jawowa

Wani zai ce wannan duk gardamar malamai ce, tsuntsu bai san ana yi ba. Amma akwai abubuwa biyu da ke rataye da ita.

Na farko ya shafi ilmin kansa. A 1979 Gary Stiles da Larry Wolf suka buga wani dogon nazari kan dandalin 'yan halwa a La Selba, wanda har yau ake komawa gare shi. Sunan da ke kan aikin superciliosus ne, haka ma aikin Gill na 1988. Amma tsuntsun Kosta Rika, bisa rabon yau, Dogon-baki ne. Nazarin da Barbara Snow ta buga a 1973 daga duwatsun Kanuku na Guyana kuwa, shi ne ya shafi Doguwar-jela na ainihi. Ɗalibin da ya tattara waɗannan ayyuka ya haɗa alƙalumansu don ya ga suna ɗaya a kansu, ya gauraya gero da dawa ke nan. Ƙa'idar ita ce a duba shekarar da aka yi rubutu da wurin da aka yi aikin kafin a amince da sunan.

Haka kuma, abin da aka gano a jikin ɗaya ba a ɗora wa ɗayan sai an auna. A 2015 Alejandro Rico-Guevara da Araya-Salas suka buga binciken da ya nuna cewa namijin Dogon-baki, idan ya balaga, ƙarshen bakinsa na sama yakan yi tsini kamar allura, abin da babu a wurin mace. Da shi yake sukar abokin hamayya a maƙogwaro wajen faɗan dandali, kuma masu tsini mafi tsawo da kaifi sun fi samun wurin zama. Wannan ya nuna cewa ba fure kaɗai ke tsara siffar baki ba, har da gasar neman aure. Sai dai sakamakon na Dogon-baki ne a La Selba, kuma a nan ya kamata a ajiye shi.

Na biyu ya shafi kare halittu. Ƙungiyar duniya mai kula da kiyaye halittu tana auna haɗarin ƙarewa ne jinsi-jinsi. Dogon-baki da Doguwar-jela duka suna rukunin da babu fargaba a kansu, saboda faɗin mazauninsu. Amma a kurmin gaɓar Tekun Atilantika na Burazil, wanda an riga an sare mafi yawansa, akwai wani ɗan halwa da Augusto Ruschi ya bayyana a 1972 da sunan margarettae. Waɗanda suka ɗauke shi reshen Ƙaton-baki, a lissafinsu ya shige cikin jinsi mai yalwa da ya cika Amazon. Masanan Burazil kuwa sun ɗauke shi jinsi mai zaman kansa, kuma ƙasar ta sanya shi cikin jerin tsuntsayenta masu fuskantar barazana. Tsuntsu ɗaya ne, kurmi ɗaya, amma matsayin da aka ba shi a takarda yana iya yanke ko za a kula da shi ko za a manta.

Aikin aji

Ba sai an je Amurka ba kafin a gwada wannan darasi. Malami na iya fita da ɗalibai bayan makaranta ko bakin masussuka inda kurciyoyi ke kiwo. Za a ga wata mai baƙin zane a bayan wuya kamar rabin zobe, da wata mai ɗige-ɗige a ƙirji wadda ba ta da zoben. Ɗalibai su riƙe littafi da fensir, ba a bukatar danƙo. Su rubuta launi da girma da kukan kowace, su lura da wadda kowace ke tafiya tare da ita bibbiyu, su maimaita haka na mako biyu. Daga nan sai a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Wace hujja ce ta nuna kurciyoyin nan jinsi biyu ne, kuma da wane misali ta yi daidai a cikin wannan maƙala?

2. Me ya sa ba za a iya amfani da irin wannan hujja kai tsaye a kan Dogon-baki da Doguwar-jela ba?

3. Sha-kauci da kolibiri sun yi kama amma ba dangi ba ne, jar akuya da akuyar kurmi sun bambanta amma jinsi ɗaya ne. Me waɗannan misalai biyu ke nunawa game da amfani da siffa wajen rarraba halittu?

4. Idan aka sami wani tsohon littafi yana bayanin superciliosus a ƙasar Panama, wane tsuntsu ake nufi a rabon yau?

Kammalawa

Daga 1766 zuwa 2015 sunayen waɗannan tsuntsaye sun sauya sau da dama, an haɗa, an raba, an sake rabawa. Wannan ba rauni ba ne ga kimiyya, haka aikinta yake: kowane suna hukunci ne da aka yanke bisa hujjar da ke hannu, kuma yana nan daram har ranar da aka kawo wadda ta fi ta. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne tsarin tambayar. Shin rukunonin biyu suna haɗuwa? In suna haɗuwa, suna gaurayuwa? In ba sa haɗuwa, me ya raba su, kuma me danginsu na kusa ke nunawa? Wanda ya iya jera waɗannan tambayoyi zai iya ɗaukarsu ya kai kan kifin tafki, ko ciyawar fadama, ko sauron da ke ɗakinsa.